A Bar Hannun Yaro Ya Riga Bakinsa Sanin Lissafi

Ka tambayi yaro ɗan aji uku ko huɗu na firamare 7 sau 8 nawa ne, sannan ka zuba masa ido. Sau da yawa za ka ga leɓunansa sun fara motsi, ya koma can farkon jadawalin yana bi a hankali, 7 sau 1, 7 sau 2, 7 sau 3, har ya iso inda kake jiransa, idan kuwa wani ya katse shi a tsakiya, to sai ya sake komawa farko. Wannan yaro ya yi ƙoƙari matuƙa, domin haddace jadawalin ninkawa aiki ne mai cin rai, amma abin da ya shiga kansa sauti ne da ke tafiya a jere, kamar waƙar da ba a iya kama ta daga tsakiya. Lambar 56 ba ta da wata alaƙa a zuciyarsa da 49 ko da 40, illa dai ita ce ke biyo bayan 49 a cikin rerawar. Ranar da ya manta ta, ba shi da hanyar da zai bi ya nemo ta.

Ra'ayina shi ne, duk wata amsa ta lissafin farko, ta tarawa ce ko ta ɗebewa, ta ninkawa ce ko ta rabawa, ya kamata ta fara bi ta hannun yaro kafin a nemi ta zauna masa a ka. Ina so a fahimce ni tun daga nan, domin ba na cikin masu cewa hadda ba ta da amfani. Yaron da aka bai wa 448 ya raba gida 7 yana buƙatar ya san 7 sau 6 da 7 sau 4 nan take, saboda ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta iya riƙe abubuwa da yawa a lokaci guda tana aiki da su. Tun a 1956 masanin halayyar ɗan Adam George Miller ya ƙiyasta cewa abubuwan ba su wuce kimanin 7 ba, masu bincike da suka biyo bayansa ma suka ce ba su kai haka ba. Idan rabin wannan ɗan fili ya tafi wajen rera jadawali, to babu sauran wurin da za a ajiye ainihin tambayar. Saboda haka hadda wajibi ce. Abin da nake jayayya a kai shi ne hanyar da ake bi a kai gare ta, kuma na tabbata hanyar da ta fi kai yawancin yara ita ce wadda ta fara da abin da za su taɓa, su jera, su raba, su juya.

Wannan tunani ya daɗe a duniya. Kalmar Latin da ta haifi sunan lissafi a harsunan Turai da dama, wato kalkulus, asalin ma'anarta ƙaramar tsakuwa, domin da tsakuwa mutanen da can suke ƙirga. Friedrich Froebel ya buɗe makarantarsa ta ƙananan yara a Jamus a 1837, inda ya riƙa ba su ƙwallaye da guntayen katako su harhaɗa. Maria Montessori ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, kuma cikin kayan da aka san tsarinta da su akwai duwatsun ƙirga, ƙwaya ɗaya, da sanda mai ƙwaya 10, da faifai mai 100, da dunƙule mai 1,000, yadda yaro zai ji nauyin dubu a tafinsa ya kwatanta da nauyin ɗaya. Georges Cuisenaire, malamin firamare a Beljiyam, ya fito wa duniya a 1952 da sandunansa masu launi, tsawonsu daga santimita 1 zuwa 10. Jerome Bruner kuma a 1966 ya tsara bayanin cewa sani yana shiga ta mataki uku, ta aiki da hannu, sannan ta hoto, sannan ta alama, kuma a kan wannan tubali ne Singafo ta gina tsarin koyar da lissafinta tun daga shekarun 1980. Duk da wannan tarihi, a ajujuwa masu ɗimbin yawa har yau alli da allo da amshi ne kaɗai kayan aiki.

Bari in fara da abin da nake ganin ya fi kowane muhimmanci, kuma ya fi kowane sauƙin haɗawa. A sami kwali a zana masa gidaje 10, layi biyu, 5 a sama 5 a ƙasa, a ba yaro murafun kwalba ko tsakuwa. Idan ya ɗora 7, idonsa zai ga layin sama ya cika, biyu sun sauko ƙasa, gidaje 3 kuma suna nan babu komai. Cikin kallo ɗaya ya ga 7 ita ce 5 da 2, ya kuma ga saura 3 ta kai 10, ba tare da an gaya masa ba. Yanzu a ajiye kwali biyu, a sa 8 a ɗaya a sa 5 a ɗayan, a tambaye shi nawa ne duka. Da farko zai ƙirga ɗaya bayan ɗaya, kuma a bar shi ya ƙirga. Amma idan malami ya ce masa, “Kwalin nan na farko saura nawa ya cika?”, hannunsa da kansa zai ɗauko 2 daga cikin 5 ɗin ya cike giɓin, sai ga 10 cif a gefe guda da 3 a ɗaya gefen. A wannan gaɓa harshen Hausa yana taimakon yaro ƙwarai, domin sunan lambar da kansa, goma sha uku, shi ne bayanin abin da ke shimfiɗe a gabansa. Haka ma wanda ya ce ashirin ba biyu yana nufin 18 ya riga ya yi lissafin ɗebewa a cikin furucinsa. Abin takaici ne a ce yaro yana da irin wannan gata a bakinsa amma ba a taɓa nuna masa shi a kan tebur ba.

Dalilin da ya sa nake ɗaukaka wannan ɗan motsi na hannu shi ne, amsa ɗaya aka nema amma dabara aka samu. Wanda ya matsar da 2 ya cike 8 zai yi haka ga 8 da 6, da 8 da 7, zai kuma gane cewa 9 kullum ɗaya kawai take nema. Bayan shekara guda, idan ya haɗu da 28 da 5, ko 68 da 5, hannun da ya saba shi zai motsa a cikin kansa. Akwai wasan da ke ƙarfafa wannan, wanda yara biyu za su iya yi su kaɗai: a ƙirga murafu 10 a gabansu, ɗaya ya rufe ido, ɗayan ya kife kofi a kan wasu, sannan na farkon ya buɗe ido ya faɗi nawa ne a ƙarƙashin kofin ta hanyar duban waɗanda suka rage a waje. Yaran suna ganin wasan ɓuya suke yi, alhali suna maimaita 10 a ɗebe 4, da 10 a ɗebe 7, sau ashirin a cikin minti biyar, kuma kowace amsa ana tabbatar da ita nan take da ɗaga kofin, babu buƙatar jan biro.

A fagen ninkawa kuwa, jeri shi ne komai. A ce wa yaro ya jera layi 3, kowane layi da murafu 4, a kan kwali, ya ƙirga ya sami 12. Sannan a ce ya juya kwalin a gicciye. Yanzu layi 4 ne, kowanne da 3, kuma bai ƙara ko ɗaya ba, bai rage ba. Gani ya kori ji: abin da malami zai yi mako yana nanatawa, cewa 3 sau 4 daidai yake da 4 sau 3, juyin kwali ɗaya ya gama shi. Kuma a duba abin da wannan ke yi wa nauyin haddar. Jadawalin 1 zuwa 10 yana da amsoshi 100. Da zarar yaro ya yarda cewa juyawa ba ta canza adadi, sun koma 55. Idan aka cire na 1 da na 10, waɗanda ba sa wahalar da kowa, saura 36. Idan aka cire na 2, wanda ruɓanyawa ce kawai, da na 5, wanda rabin na 10 ne, saura 21. Na 9 kuma layi 10 ne aka janye layi ɗaya, abin da yaro zai yi da gefen hannunsa, sai ya rage 15. Cikin 15 ɗin nan ma 5 jeri ne masu kusurwa huɗu daidai wa daida, 3 sau 3, 4 sau 4, 6 sau 6, 7 sau 7 da 8 sau 8, waɗanda siffarsu kan sa su manne a ido. Yaron da aka nuna wa dutse mai hawa 100 aka ce ya hau, da wanda ya gano da hannunsa cewa matakan da ke da wuya 15 ne, ba da zuciya ɗaya za su tunkari aikin ba.

Ita 7 sau 8 da na fara da ita tana cikin waɗannan 15, kuma tana cikin waɗanda suka fi kuɓuce wa yara. A sa yaro ya jera layi 7 na takwas-takwas, a miƙa masa tsinke a ce ya raba jerin gida biyu ta yadda zai san kowane ɓangare. Wani zai sa tsinken bayan layi na biyar, ya ga 40 a sama da 16 a ƙasa. Wani zai tsaga ta tsaye, ya ware ƙwaya ɗaya daga kowane layi, ya ga 49 da 7. Wani zai raba tsakiya ya ga 28 sau biyu. Hanya uku, masauki ɗaya, kuma duk wadda yaron ya zaɓa da kansa ita ce za ta dawo masa ranar da hadda ta gudu. Wannan tsinke shi ne dokar da zai sake haɗuwa da ita a aljabara bayan shekaru biyar ko shida, sanye da haruffa da baka, kuma zai gane ta idan ya taɓa riƙe ta.

Akwai kuma wani aiki da nake matuƙar so, saboda yana buɗe rabawa ba tare da an ambaci sunanta ba. A ba yaro murafu 24 a ce ya nemo duk hanyoyin da za a jera su layi-layi daidai ba ragowa. Zai samo 2 sau 12, da 3 sau 8, da 4 sau 6, da dogon layi ɗaya na 24. Sannan a ba shi 13. Zai gwada biyu-biyu ɗaya ta rage, ya gwada uku-uku ɗaya ta rage, ya gwada biyar-biyar uku su rage, har ya ɗago kai ya ce wannan ta ƙi. Ya ci karo da lambar da ba ta rabuwa sai da ɗaya da kanta, kuma ya ci karo da ita a matsayin abin mamaki da ya gano, tun kafin a ba shi ma'anarta a rubuce.

Game da dabarar yatsu ta jadawalin 9, wadda idan ana neman 9 sau 4 ake lanƙwasa yatsa na huɗu cikin goma a ga 3 a hagu da 6 a dama a ce 36, ina da ɗan ja da baya. Tana aiki daga 1 har 10, yara kuma suna jin daɗinta, amma ba ta gaya musu dalili ba. A ba su ita bayan sun janye layi ɗaya daga 10 da hannunsu, sai ta zama ƙari a kan fahimta.

Wasan tafiya a kan layin lambobi ma yana da shaida mai ƙarfi. A 2008 Robert Siegler da Geetha Ramani sun wallafa bincikensu a Amurka kan yaran da ba su kai shiga firamare ba, 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. Sun ba wasu allon wasa mai gidaje 10 a jere, an rubuta 1 zuwa 10, yaro ya juya kibiya ta nuna masa taku ɗaya ko biyu, wasu kuma aka ba su allo iri ɗaya amma launuka ne a gidajen maimakon lambobi. Zama huɗu kawai aka yi, kowanne kimanin kwata na awa, amma yaran da suka yi wasan lambobi suka fi takwarorinsu ci gaba wajen ƙirga, da gane lambobi, da sanin wadda ta fi wata girma, kuma bambancin yana nan bayan makonni 9. Akwai wani ɗan sharaɗi a wasan da ya kamata kowane malami ya lura da shi: yaron da ke kan 3 ya sami taku biyu, cewa zai yi “huɗu, biyar” yana matsawa, ba “ɗaya, biyu” ba. Ana iya zana irin wannan layi a ƙasa, a faɗaɗa shi zuwa 30, yara su riƙa tsalle uku-uku suna faɗin inda suka dira.

Sai dai dole in juyo kan waɗanda muke ra'ayi ɗaya da su, domin a nan ne ɓarnar da ba a cika gani ba take. Akwai darasin da ake kira na aikin hannu, wanda yara za su shafe minti 35 suna yanka takarda, suna shafa gam, suna cike zane da launi, sannan a minti biyar na ƙarshe su rubuta amsa uku a jikin abin da suka ƙera a liƙa a bango. Ajin ya yi kyau, yara sun yi murna, mai ziyara ya yaba, amma lissafin da aka yi bai kai na wasan kofi na minti biyar ba. Ma'aunin da nake amfani da shi guda ɗaya ne: a lokacin da hannun yaro yake aiki, a kan me hankalinsa yake? Idan a kan lamba yake, aikin ya yi. Idan a kan launi ko almakashi yake, to darasin zane aka yi, wanda shi ma yana da darajarsa, amma kada a rubuta shi a matsayin lissafi. Binciken da Nicole McNeil da abokan aikinta suka wallafa a 2009 ya nuna cewa yaran da aka bai wa kuɗin wasa masu kama da na gaske sun fi yin kurakurai a kan waɗanda aka bai wa marasa ado, domin ado yana jan ido ya bar adadi. Wani nazari na 2013 da Kira Carbonneau ta jagoranta, wanda ya tattara sakamakon bincike 55, ya sami cewa koyarwa da kayan taɓawa ta fi koyarwa da alamomi zalla, amma fifikon matsakaici ne, kuma ya danganta da yadda aka yi amfani da kayan. Murfin kwalba ba ya koyar da kowa komai shi kaɗai. Tambayar da malami ya yi a daidai lokacin da ya dace ita ce ke mayar da shi darasi.

Kuskure na biyu shi ne barin kayan a hannun yaro har abada. Sandar da ta taimaki mai koyon tafiya tana iya zame masa cikas idan ba a karɓe ta ba. Tun ranar farko, duk abin da hannu ya yi a rubuta shi da lambobi a gefensa, domin yaro ya san cewa jerin da alamar abu ɗaya suke faɗa. Bayan kwanaki a rufe jerin da ƙyalle a ce ya faɗi abin da ke ƙasa. Bayan haka ya zana ɗigo a takarda maimakon jera murafu. Daga ƙarshe a tambaye shi da baki, idan ya kakare a ce masa, “Rufe idonka, ina za ka sa tsinken?” Masu koyon ƙirga da soroban, wato allon ƙirga mai duwatsu a jikin sanduna, a Japan haka suke yi, suna farawa da tura duwatsun da yatsa har su kai matsayin da suke ganin allon a zuci suna lissafi ba tare da shi ba. Yatsun hannu ma haka ne. Ba na goyon bayan kunyata yaro don yana ƙirga da yatsu, domin su ne kayan aikinsa na farko, amma aikin malami ne ya ɗaga shi daga ƙirga komai tun daga ɗaya, zuwa farawa daga babbar lamba, zuwa cike goma.

Na san abin da malamin da ke gaban yara 70 zai ce, kuma maganarsa abar saurara ce. Zai ce lokaci ba ya isa, manhaja tana da tsawo, kuma raba tsakuwa ga aji irin wannan gayyatar hayaniya ce. Amsata ita ce a ƙanƙanta abin. Kowane yara biyu su sami ƙunshi ɗaya mai ƙwaya 20 da kwali biyu, a koya musu ɗauka da mayarwa a makon farko kamar yadda ake koya musu shiga layi, sannan a ware minti 10 a farkon kowane darasi. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa tana da sauri a farko, kuma maimaicin da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka cusa a zama ɗaya zaunawa. Minti 10 kullum ya fi awa guda a ƙarshen mako. Lokacin da ake tsoron ɓatawa a aji biyu kuwa, shi ne ake biya ninki-ba-ninki a aji biyar, sa'ad da aka tarar rabin ajin ba sa iya rabawa saboda ninkawa ba ta zauna ba.

Batun sauri da agogo yana buƙatar taka-tsantsan. Tun 2022 Ingila ta wajabta wa 'yan aji huɗu gwajin jadawalin ninkawa har zuwa 12 sau 12, tambaya 25, kowace da daƙiƙa 6. Manufar ba ta da laifi, domin amsar da ke fitowa cikin daƙiƙa 6 ita ce wadda ta zauna. Abin da nake tsoro shi ne a ɗauki agogon a matsayin hanyar koyarwa, a riƙa ɗora shi a kan yaron da bai riga ya sami hanyar komawa ga amsa ba, domin abin da irin wannan yaro ke koya shi ne faɗuwar gaba, kuma tsoro yana cinye ɗan filin tunanin da na ambata a baya. Sauri yana zuwa ta wata ƙofa mai sauƙi: yara biyu da katuna masu lamba 1 zuwa 10, kowa ya buɗe ɗaya, wanda ya riga faɗin amsar ninkawa ya kwashe, idan an yi gardama a jera murafu a raba gardamar. A haɗa yaran da ƙarfinsu ya zo ɗaya, kada wasan ya zama wurin da ɗaya ke cin nasara kullum ɗayan yana kallo.

Kirana na ƙarshe ga masu horar da malamai ne. Malamai da yawa su ma ta hanyar rerawa suka koyi jadawalin, ba su taɓa matsar da 2 daga 5 su cike 8 ba, kuma ba adalci ba ne a ba su umarni a takarda a ce su koyar da abin da hannunsu bai taɓa yi ba. A zaunar da malamai masu neman sanin makamar aiki biyu-biyu, a zuba musu murafu 56 a gaba, a miƙa musu tsinke, a tambaye su hanya nawa za su iya raba jerin, sannan a sa kowa ya bayyana wa abokinsa dalilin da ya sa ya ajiye tsinken a inda ya ajiye shi. Mai duba makarantu kuma idan ya shiga aji, kafin ya kalli abin da aka liƙa a bango, ya durƙusa kusa da yaro ɗaya ya tambaye shi 6 sau 7, idan ya ba da amsa ya ƙara da cewa, “Yaya aka yi ka samu?”